Bani Isra'ilan Ƙasar Kano: Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Gimi

Falgore biyu ce a Jihar Kano. Akwai ta daji, wadda matafiya Jos suke ratsawa ta Tudun Wada da Doguwa. Akwai kuma ta ƙasar Rogo, cikin masarautar Ƙaraye, can yamma inda Kano ta haɗa kafaɗa da Katsina da Zazzau. Mutumin wannan Falgore ta biyu in ya fuskanci kudu, ba zai yi wata doguwar tafiya ba zai taka ƙasar Maƙarfi. Yanki ne na rake. Da sanyi ya shigo sai hayaƙin masu dafa mazarƙwaila ya turnuƙe fadamu, a kai curi-curi kasuwannin ƙauye, yara su tsotsa, mata su jefa a kunu, babu mai tambayar wanda ya fara kawo wannan sana'a.

Masu bin tarihin mishan a Arewa suna kai asalinta wani ƙauye mai suna Gimi, a ƙasar Maƙarfi, a shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutanen da suka zauna a wannan ƙauye Hausawa ne, jikokin almajirai masu allo da tawada. Babu jinin Yahudawa a jikinsu, kuma da Larabci iyayensu suka yi karatu. Duk da haka sunan da suka gada daga malamansu shi ne Bani Isra'ila. Maƙwabta kuwa Isawa suke ce musu.

Baƙon Rumfa da Yahudawan Tuwat

Kalmar Bayahude tsohuwa ce a bakin Bahaushe, sai dai ta littafi ce. A tafsirin watan azumi ake jin ta, a ƙissar Annabi Musa da Fir'auna, da wa'azin da ke haɗa Yahudu da Nasara a numfashi ɗaya. Nasara dai an gan shi ido da ido, ya ci Kano a 1903, ya karɓi haraji, ya gina bariki. Bayahude kuwa, mafi yawan mutanen karkara har su koma ga Allah ba su taɓa haɗa hanya da shi ba. Wannan nisa yana da dalili, kuma dalilin ya bi ta kan baƙon da Kanawa suka fi girmamawa a tarihinsu.

Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Maghili mutumin Tilimsan ne, a Aljeriya ta yau. Kafin ya zo Kano ya zauna a Tuwat, zangon ayari a tsakiyar Sahara, inda Yahudawa suka daɗe suna fatauci da sana'ar hannu, suna da gidan ibadarsu a garin Tamantit. Maghili ya ce sun karya sharuɗɗan amana, sun shige wa masu iko, saboda haka a rushe gidan ibadar. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce ba haka shari'a ta ce ba. Aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, amsoshi suka rabu biyu. Da Maghili ya sami goyon bayan waɗansu manyan malaman Tilimsan, sai ya ja mabiyansa suka rushe majami'ar, aka kashe Yahudawa da dama, saura suka watse. Wajajen 1492 ne, shekarar da Sifaniya ma ta kori nata Yahudawan.

Daga nan ya yo kudu ta Azbin, ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ya rubuta wa Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, ya je Katsina, ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. A can labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Askiya ya rufe ƙasarsa ga Yahudawa, har matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta hakan bayan ya ziyarci Tambutu a farkon ƙarni na 16. Sai wajajen 1860 wani malamin Yahudawa daga Maroko, Mardochée Aby Serour, ya sami zama a Tambutu yana ciniki. Zuriyar Maghili kuwa tana nan a unguwar Sharifai cikin birnin Kano.

'Yan amanar ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ba ta da Yahudawan da za a yi gardama a kansu, amma tana da nata 'yan amanar. Su ne Maguzawa, Hausawan karkara da suka tsaya a kan addinin kakanni, suna yi wa iskoki irin su Kure da Doguwa yanka, suna dafa giyarsu, suna noma kamar ba gobe. Masana da yawa suna kai sunan ga kalmar Majusu, wato masu bautar wuta na Farisa, waɗanda Musulmin farko suka karɓi jizya a hannunsu suka bar su da addininsu. Bayan masu jihadi sun ci Kano a 1807, wannan ƙofa ce aka bi. Bamaguje ya biya jizya, ya zauna a gidansa na gado, ya kawo hatsi kasuwa. Yammacin Kano, daga Gwarzo zuwa Ƙaraye da Rogo da Kiru, a tsallaka zuwa Malumfashi da Ƙafur, a gangaro Ikara da Maƙarfi, yana cikin wuraren da manyan gidajensu suka fi yawa.

Shari'ar da sarakunan Daular Sakkwato suke bi ta tanadi wuri ga wanda aka haifa a wajen Musulunci. Wanda aka haifa a ciki sannan ya fita kuwa, sunan aikinsa ridda, kuma hukuncinsa a littattafan Malikiyya a fili yake: a nemi ya tuba, in ya ƙi a kashe shi. Tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu ne labarin Isawa ya faɗa.

Malaman da suka juya wa fada baya

Shekaru arba'in bayan jihadi, ba kowane malami ne ya gamsu da abin da aka samu ba. Wajajen 1846, farkon sarautar Sarkin Kano Usman, wani Malam Hamza na Tsakuwa da waɗansu malamai 'yan uwansa suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suna ganin bai halatta a aza wa Musulmi shi ba. Da fada ta matsa, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi, suka haɗa kai da ƙabilun wurin irin su Butawa da Warjawa da Fa'awa. Daga wannan ƙaura aka sami daular da ta hana Kano da Zazzau da Bauchi barci shekaru hamsin. A zamanin sarkinsu Ɗan Maje, mahayan Ningi sukan fito ta dajin kudancin Kano su kai hari su koma kan dutse, kuma sai a 1902 Turawa suka karya wani sarkin nasu, Ɗan Yaya.

Zamani ne kuma na jiran ƙarshen duniya. Ƙarni na goma sha uku na Hijira yana gab da cika, zai ƙare a 1883, kuma zancen Mahadi da Dujal da saukowar Annabi Isa (AS) yana bakin malamai da almajirai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi rubutu a kan kusantowar Mahadi, tare da bayyana cewa ba shi ba ne.

A cikin wannan yanayi aka yi Malam Ibrahim a birnin Kano. Labarin da zuriyar mabiyansa suka riƙe, wanda Likita Walter Miller ya rubuta daga bakinsu, daga baya kuma masanin tarihi Ian Linden ya bi diddiginsa a shekarun 1970, ya nuna shi malami ne mai kusanci da fada, wanda ya duƙufa a kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ɗan Maryamu: haihuwarsa ba uba, maganarsa yana jariri, rayar da matattu da izinin Allah, ɗaukakarsa zuwa sama. Ya yi ta juya waɗannan ayoyi har ya kai ga ba Annabi Isa matsayin da sauran malamai suka ga ya wuce gona da iri. Almajirai suka taru a gabansa. Ba daga wani ɗan mishan ya ji wannan ba, domin a lokacin babu mishan ko ɗaya a ƙasar Kano.

Sunan da suka ɗauka ma daga allo ya fito. Alƙur'ani a Suratu Ali Imrana da Suratus Saffi ya nuna cewa ga Bani Isra'ila aka aiko Annabi Isa, kuma sura ta goma sha bakwai, wato Isra'i, ana kiran ta Suratu Bani Isra'ila. Almajirin da ya ɗauki kansa mutumin Annabi Isa, in ya nemi sunan jama'arsa a cikin littafin da ya haddace, wannan sunan zai fara tararwa. Ga Malam Ibrahim da mutanensa, zama Ba'isra'ile al'amari ne na wanda kake bi, babu ruwansa da wanda ya haife ka.

Maganar ta kai kunnen Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo, wanda ake kira Maje Karofi, da ya hau gado a 1855. Aka kira malamin, aka nemi ya janye ya furta kalmar shahada cikakkiya a gaban jama'a. Ya ƙi. Labarin ya ce an tsire shi a Kurmi, kasuwar birni, kuma masu tarihi sukan sa wannan a wajajen 1867. Ga fada, hukuncin ridda aka zartar a kan malamin da ke tara jama'a a lokacin da Ningi take cin iyakar ƙasa. Ga mabiyansa, shahidi ne.

Suka watse. Waɗansu suka nufi Ningi, inda duk wanda ya saɓa da sarakunan Fulani yake samun mafaka. Waɗansu suka ɓuya a ƙananan ƙauyuka a kan iyakokin Kano da Zazzau da Bauchi, suna noma, suna koyar da yara, suna ɓoye abin da ke zuciyarsu. Cikin waɗanda suka riƙe karatun bayan malamin akwai wani Malam Yahaya. Abin da suka yi ta gaya wa 'ya'yansu shi ne wata rana waɗansu baƙi za su zo da littafin Annabi Isa, wato Linjila, kuma in sun zo a saurare su.

Likita Mila da samari biyu

A shekarar 1900 wata ƙaramar tawagar ƙungiyar mishan ta CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta iso Kano. A cikinta akwai wani matashin likita ɗan Ingila, Walter Miller, wanda ya je Tarabulus takanas ya koyi Hausa a wurin Hausawan can. Sarkin Kano Alu bai ɓata lokaci ba, ya sallame su. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, ɗayansu ya mutu a can. Miller dai bai haƙura ba. A 1905 ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe wurin shan magani da 'yar makaranta. Zagezagi suka karɓi maganin Likita Mila, kamar yadda suke kiransa, amma kaɗan ƙwarai suka karɓi addininsa. Gwamnatin mulkin mallaka ta Lugga ma ba ta ba shi fuska sosai ba, domin ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba.

Yana cikin wannan hali, a 1913, waɗansu samari biyu suka yi masa sallama. Suka ce su mutanen Annabi Isa ne, kakanninsu sun bar musu wasiyyar jiran masu Linjila, kuma akwai 'yan uwansu warwatse a ƙauyuka. Mutumin da ya shekara takwas yana shuka a kan dutse sai ga gona ta zo ta same shi har gida.

Aka bi ƙauyukan, aka tattauna da dattawa. Ba duka suka yarda ba. Waɗansu da suka ji abin da 'yan mishan suke nufi da Ɗan Allah da Triniti sai suka ja da baya, domin Annabi Isan da suka sani na cikin Alƙur'ani ne. Waɗansu kuma suka amince aka yi musu baftisma. A zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi aka samar musu fili a Gimi domin su taru wuri ɗaya, aka ɗora wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, a kan al'amarinsu. Suka sare daji, suka gina gidaje da coci da makaranta. Thompson ya fito daga ƙasashen da rake ne arzikinsu, kuma shi ake danganta wa koya musu matse rake da inji a dafa ruwan har ya daskare. Injin da doki ke juyawa ya bazu a ƙasar Maƙarfi, ya tsallaka maƙwabta, ya zama sana'ar dubban Musulmi da ba su taɓa jin sunansa ba.

Ƙauyen bai yi tsawon rai ba. Ƙoramun da suka sa ƙasar ta yi kyau da rake su ne matattarar ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga Gimi, ya yi ta ɗaukar manya da yara, har wajajen 1919 aka haƙura da wurin, aka kwashe waɗanda suka rage, yawancinsu yara da marayu, zuwa Zariya. Wannan cuta ce dai ta sa daga baya, a ƙarshen shekarun 1930, gwamnatin mulkin mallaka ta ta da jama'ar yankin Anchau ta gina musu sabon gari mai suna Takalafiya.

Wusasa

Wajajen 1929 mishan ta bar cikin ganuwar Zariya ta koma Wusasa, gindin duwatsu a bayan gari. Can ragowar mutanen Gimi suka haɗu da sauran Hausawa da Fulanin da suka karɓi Kiristanci, da baƙi daga wasu ƙabilu. Aka gina cocin Saint Bartholomew da ƙasa, ginin magina Hausawa mai bakan gizo irin na soron sarakuna, aka yi asibiti da makaranta. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Miller ya ba da ƙarfinsa a kai. Cikakken littafin ya iso cikin harshen Isawa shekara sittin da biyar bayan kashe malaminsu.

Garin ƙarami ne, amma abin da ya fitar ya fi ƙarfin girmansa. Daga wannan jama'a aka sami Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a lokacin da aka kafa ta a matsayin ƙungiyar al'adu. Daga nan John Tafida ya fito, wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. Daga nan Farfesa Ishaya Audu ya taso, haifaffen Anchau a 1927, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Janar Yakubu Gowon, wanda iyayensa Angasawa ne, a Wusasa ya girma. Mutane ne masu babbar riga da hula, masu tuwo da miyar kuka, waɗanda Hausarsu ba ta da gyara, amma kullum sai an tambaye su yadda aka yi Bahaushe ya zama Kirista.

Yahudawa biyu a Kano

A daidai shekarun da Bani Isra'ilan Gimi suke zama Kiristoci, Yahudawa na haihuwa sun fara shigowa Kano ɗaya-ɗaya, ba wanda ya damu da su. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Cikin waɗanda suka zo akwai Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus, wanda ya zuwa shekarun 1930 ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗa, har yana ja da kamfanonin Turawa irin su UAC. Ciniki ya kawo shi, bai zo neman mabiya ba, kuma Yahudanci dama ba addini ne mai fita wa'azi ba.

Na biyun ɗalibi ne. Joseph Greenberg, wanda aka haifa a gidan Yahudawa a Brooklyn ta Amurka a 1915, ya zo a 1938 ya zauna cikin Maguzawan karkarar Kano har cikin 1939, yana rubuta sunayen iskokinsu da yadda Musulunci ya shiga cikin al'adunsu. Littafinsa a kan haka ya fito a 1946. Daga baya shi ne ya tsara harsunan Afirka gida-gida, ya sa Hausa da 'yan uwanta na yankin Chadi a babban gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen Misira ta dā da na Buzaye. Masana sukan ba da misali da kalmar mutu, wadda ta yi daidai da mautu a Larabci da mut a Ibrananci, da kalmar suna, wadda take ismu a Larabci, shem a Ibrananci. Dangantaka ce ta harshe mai dubban shekaru, ba ta mai da Bahaushe jikan Annabi Yakubu ba.

Tambayar a kotun Isra'ila

Abin da ya faru da Isawa, wato suna ya bi wata hanya addini ya bi wata, shi ne ya zame wa ƙasar Isra'ila ƙarfen ƙafa bayan kafa ta a 1948. Da yawa cikin waɗanda suka kafa ta, har da David Ben-Gurion, ba masu kiyaye ibada ba ne. A 1950 suka yi dokar da ta ba kowane Bayahude damar zuwa ya zama ɗan ƙasa, amma ba su fayyace wane ne Bayahuden ba.

Sai ga Oswald Rufeisen. An haife shi a Poland a 1922, uwa da uba Yahudawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓad da kama ya yi wa 'yan sandan Jamus tafinta a garin Mir, ya tsegunta wa Yahudawan garin ranar da za a hallaka su, waɗansu suka tsere. Da asirinsa ya tonu ya ɓuya a gidan mata masu zaman zuhudu na Katolika, a can ya karɓi Kiristanci, daga baya ya zama limamin coci. Ya zo Haifa ya ce a ba shi takardar ɗan ƙasa a matsayin Bayahude. Bisa fikihun malaman Yahudawa yana da hujja, domin a wurinsu duk wanda uwarsa Bayahudiya ce Bayahude ne ko ya yi ridda. Amma a 1962 Kotun Ƙoli, alƙalai huɗu a kan ɗaya, ta ce a fahimtar mutanen gari wanda ya koma wani addini ya fita. Ya sami zama ɗan ƙasa ta hanyar da kowane baƙo yake bi, ya mutu a Haifa a 1998.

Shekaru takwas bayan wancan hukunci aka zo da akasinsa. Benjamin Shalit, hafsan sojan ruwa, bai yarda da wani addini ba, matarsa kuma ba Bayahudiya ba ce. Ya nemi a rubuta 'ya'yansa Yahudawa ta fuskar al'umma, a bar gurbin addini babu komai. A Janairun 1970 kotu ta ba shi gaskiya da alƙalai biyar a kan huɗu. Jam'iyyun addini suka ta da ƙura, majalisa ta gyara dokar a wannan shekara: Bayahude shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce ko wanda ya shiga Yahudanci, muddin ba ya bin wani addini. Ke nan wanda ya ce babu Allah yana nan a cikin gida, wanda ya ce Annabi Isa ne Almasihu ya fita. A Amurka ma, binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 27 cikin 100 na Yahudawan ƙasar suna kiran kansu Yahudawa alhali sun ce ba su da addini.

Komawa Rogo

A ƙasar Hausa ma'aunin ya sha bamban. Rashin addini ɗungurungum ba shi da mazauni a idon jama'a. Mubarak Bala, ɗan Kano da ya bayyana cewa bai yarda da samuwar Allah ba, an kama shi a 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024. Sunan Bahaushe kuma ya manne da Musulunci har ta kai Bamaguje, wanda ya fi kowa riƙe tsohuwar Hausa da tsofaffin al'adu, in ya musulunta akan ce ya zama Bahaushe, kamar dā can wani abu ne daban.

Maguzancin kansa ya yi ta raguwa. Rangadin musuluntarwa da Sardauna Ahmadu Bello ya yi daga 1963 zuwa 1965 ya jawo da yawa, ƙungiyoyin da'awa suka ɗora daga inda ya tsaya. Daga shekarun 1970 kuma coci-coci irin su ECWA da Angilika da Katolika suka sami mabiya a gidajen Maguzawa. Shi ya sa a yau a yammacin Kano ana samun zuriyar kaka ɗaya, wani Alhaji, wani Fasto, suna haɗuwa a wurin biki da jana'iza da gayyar noma. Kiristocin cikinsu da yawa ba sa son a ce musu Maguzawa, sun fi son Hausawa Kirista ko Masihiyawa, sunan da ƙungiyarsu ta Tarayyar Masihiyawan Nijeriya take amfani da shi.

Isra'ila ta kai tambayarta kotu, ta rubuta amsa a doka, har yau ana jayayya a kanta. Nijeriya ta zaɓi kada ta yi tambayar. Ƙidayar 1991 da ta 2006 duk ba su tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba, ta 1973 kuma an soke ta. Ƙidaya ta ƙarshe da hukuma ta amince da ita wadda ta rubuta addinin mutanen Falgore da Rogo da Ƙaraye ita ce ta 1963.